Fata Shidan da Ba Mu da Su

Mahaifina baduku ne a unguwar Koki. Zauren gidanmu shi ne shagonsa, don haka duk mai shiga ko fita sai ya tsallake fata, ya kuma shaƙi warin jima. Jakunkuna yake ɗinkawa da tumtum, wani lokaci gafakar Alƙur'ani in an roƙe shi. Abu ɗaya ne ba ya ɗinkawa, layar da aka zana wa hatimi, wato gida-gidan nan masu lambobi a ciki. Ba ya zagin masu yi, don cikinsu har da aminansa. In an kawo masa sai ya buɗe takardar, ya duba, ya ninke, ya miƙa wa mai ita. Cewa yake abin da bai san daga inda ya fito ba, ba zai rufe shi da hannunsa ba. Bai yi boko ba, amma ya san lambobin boko saboda awo.

Ni ce ta farko a gidan da ta kai jami'a, lissafi na karanta, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura. A shekara ta uku aka koya mana hanyar simplex. Abin da take yi ba shi da wuyar faɗa. Kana da kayan aiki ƙayyadaddu da lokaci ƙayyadadde, kana kuma iya yin abu iri biyu ko uku da su. To nawa za ka yi na kowanne don ka fi cin riba? Sai ka zana jadawali mai gida-gida, ka zuba lambobi, ka zaɓi gida ɗaya ka kewaye shi, ka yi ta rabawa da ɗebewa har sabon jadawali ya fito. Kowane sabo ya fi na baya, har ka iso wanda babu sauran abin gyarawa. Na kamu da son abin nan ba kaɗan ba. Da jan biro nake kewaye gidajen, in ja musu kibiya, in tara takardun a ƙarƙashin matashina, tunda ɗakinmu ba tebur.

Wata rana Umma ta same ni a tsakar gida ina ta ƙus-ƙus da lambobi, ta ce me nake yi haka kamar mai wuridi. Maimakon in yi mata bayani kamar 'yar mutane, sai bakina ya ja ni.

"Umma, wannan da kike gani," na ce, "in mai sana'a ya zo na zana masa, shi zai gaya masa abin da zai yi kasuwa ta buɗe masa."

"Ikon Allah," in ji ta. Ni kuwa na ji daɗin kaina.

Bayan kwana biyu, ina makaranta, Baba ya nemi tsohuwar takarda zai yanka samfurin jaka. Umma ta ɗaga matashina ta kwaso masa. Da ta ga ya tsura wa takardun ido, sai ta maimaita masa maganata kalma bayan kalma, cike da alfahari, don a ganinta yabona take yi.

Ban san an yi haka ba. Abin da na gani kawai, Baba ya canza mini. Da can in na kai masa abinci zaure sai ya tsokane ni, ya ce, "'Yar boko, yau me aka ƙirga?" Yanzu sai dai "Ajiye nan." In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, idonsa na kan basilla. Kwana uku muna haka, ina ta binciken kaina ban gano laifina ba. Ran Juma'a da yamma Umma ta ja ni ɗaki ta ce Baba ya yanke hukunci, daga Litinin na daina zuwa makaranta. Ya ce bai tura ni boko don in koyo duba ba.

Dariya na fara yi, har da riƙe ciki. Can sai dariyar ta yanke, don na san mahaifina. Ba ya yawan magana, in kuma ya faɗa ba ya janyewa. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mini in gama. Na ji haushinsa, na ji haushin Umma, na fi jin haushin bakina.

Washegari bayan la'asar na ɗauki jan birona da bayan wani kwali na fita zaure, na durƙusa.

"Baba, Umma ta gaya mini. Wallahi lissafi ne, ba duba ba ne."

"Mai duba ma cewa yake lissafi yake yi," ya ce, bai ɗago ba.

"To a ba ni dama in yi a gabanka, da sana'arka. Duk lambar da na rubuta ka tambaye ni inda ta fito. In aka sami ɗaya da na kasa faɗa, na haƙura da makarantar."

Ina rufe baki na yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Ya daɗe yana jan zare kafin ya ce, "Bismillah."

Na fara tambayarsa. Fata nawa yake samu daga majema a wata? Ashirin da huɗu. Kwana nawa yake aiki? Ashirin, don Juma'a da ɗaurin aure da jana'iza da zuwa kasuwa sukan cinye sauran. Jaka tana cin fata ɗaya da kwana ɗaya. Tumtum yana cin fata uku da kwana biyu. Da na tambayi riba sai ya harare ni.

"Wannan kuma ba ruwanki. Ki ce in jaka ta ba ni biyu, tumtum zai ba ni biyar."

Na zana jadawalin, layi ɗaya na fata, ɗaya na kwanaki, na ƙasa na riba. Kowane gida na cike sai ya nuna shi da tsinin basilla ya ce, "Wannan fa?" Ni kuma in ce, "Kai ka faɗa yanzu, fata uku na tumtum." Da na ga yana bi, sai na fara gwaninta. Na ce ya ɗauka fatar da kwanakin nan ganuwa ce, ba a fita bayanta, amsa kuma kullum a wata kusurwa take, mu daga kusurwa zuwa kusurwa za mu bi.

"A bar ganuwa a inda take," ya ce. "A yi lissafi."

Na ce da tumtum za mu fara tunda ya fi riba. In fata aka duba, ashirin da huɗu a raba uku, takwas ke nan. In kwanaki aka duba, ashirin a raba biyu, goma. Ƙa'ida ita ce a ɗauki ƙarami. Na yi wannan sau ba adadi, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Amma ran nan idon Baba na kaina, sai na kewaye layin goman. Na raba, na ɗebe, na fitar da sabon jadawali, na ɗaga kai na sanar da shi cewa tumtum goma zai yi, riba hamsin.

Ya ajiye basillar.

"Tumtum goma, kowanne fata uku. Talatin ke nan. Ni ashirin da huɗu gare ni. Shidan wa zai kawo, aljanun naki?"

Na duba kwalin. A layin fata ga shida nan zaune da alamar ragi a gabanta, da hannuna na rubuta ta, ɗoki ya hana ni gani. Na ce a raina shi ke nan, na kashe karatuna da kaina. Hawaye na kusa, amma na daure na bi layukan da baya har na iso wurin.

"Baba, na yi kuskure. Ga shi nan." Na ɗora yatsa a kan jar da'irar. "Takwas ya kamata in ɗauka, don fata za ta ƙare kafin kwanaki. Wannan alamar da ke gaban shida cewa take mun ci abin da ba mu da shi."

Ya matso da buzunsa kusa da ni, ya sunkuya a kan kwalin. "Sake," ya ce.

Na sake. Tumtum takwas, fata ta ƙare, kwana huɗu sun yi rara, riba arba'in.

"Kwana huɗun in zauna ina hamma?"

Na nuna masa layin ƙasa, inda gidan jaka ke nuna akwai sauran gyara. In ya fasa tumtum ɗaya, fata uku ta kuɓuta, jaka uku ke nan. Ya rasa biyar ya sami shida, kwana ɗaya kacal ya ƙaru masa. Tunda kwana huɗu ne rarar, sau huɗu zai iya yin haka. Jadawali na ƙarshe ya fito da jaka goma sha biyu da tumtum huɗu, riba arba'in da huɗu, ba ragowar fata, ba ragowar kwana.

Bai yarda da ni haka nan ba. Ya bi gaɓoɓin yatsunsa yana ƙirgawa, fata goma sha biyu da goma sha biyu, kwana goma sha biyu da takwas. Sannan ya gyaɗa kai ya ce kusan haka yake yi duk wata, sai dai shi ya ci shekaru yana asarar fata kafin ya gano.

Na ajiye biron ina jiran hukunci.

"Ba amsar ce ta gamsar da ni ba," ya ce. "Mai duba ma yakan dace. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗora yatsa ya ce nan na ɓata, har ni ma na ga ɓarnar da idona ba. Ki je makarantarki."

Na sunkuya zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Saura nawa laifin. Kwana uku ina zarginki ban kira ki na tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya nemi afuwar wani cikin 'ya'yansa ba, ban ma san ana yi ba. Kukan da na riƙe lokacin da na ga shidan nan, a nan ya ƙwace mini, kuma na daɗi ne. Da ƙyar na iya cewa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Shi kuwa ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki, yana ta laluben ramin da zai zura zare bai samu ba, don shi ma idonsa ya ciko.