Darbejiya Shida Zuwa Ƙauyen Kaka

Laraba: Wudil zuwa Kano

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gidanmu a Sabon Gari, ni da Goggo Asabe, ƙanwar babana. Ita ta ɗauki sabon risho a kwalinsa da galan ɗin kananzir. Ni kuma na rungumi kwando mai ɗauke da dashen darbejiya shida, kowanne a baƙar ledarsa.

Rishon Baba ne ya saya wa Kaka da ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Darbejiyar kuwa a makaranta aka raba mana ranar hutu. Malamin aikin gona ya ce farin da aka yi ba shi ne na ƙarshe ba, domin hamada tana matsowa kudu, kuma gatari ne yake share mata hanya. Na tuna rairayi ya riga ya binne gonar marigayi kakana, sai na ce can zan kai nawa. Burina ɗaya ne, in ga shidan nan tsaye a ƙasa kafin in dawo.

A tasha muka shiga kiya-kiya, sule biyar kowa. Direba ya leƙa kwandon.

"Hajiya, magani za ku kai birni?"

"Dashe ne," in ji Goggo. "A makaranta aka ba ta."

"Kyauta? To ku yi hattara. Ban taɓa ganin gwamnati ta ba da abu ba ta biyo sawunsa ba."

Wani dattijo mai buhun barkono ya ce, "Yau su ba ka bishiya, gobe su ce ba ka da ikon sare reshenta a gonarka."

Na sunkuyar da kai. Shida saura kwata muka haye gada. Daga nan zuwa Kano mil ashirin da shida ne, kuma na ƙirga motocin itace tara da muka wuce, duk sun nufi birni. Ƙarfe bakwai muka sauka, muka sha koko da ƙosai na sule ɗaya.

Kano zuwa Gumel

Akori-kura muka samu, naira ɗaya da sule biyar, ba ta cika ba sai tara da minti ashirin. Bayan Gezawa aka tsayar da mu a shinge. Wani mai kaki ya tsura wa kwandona ido.

"Wa yake ɗaukar ƙasa daga wani gari zuwa wani? Me aka binne a ciki?"

Kafin Goggo ta gama bayani ya yage leda ɗaya, ya tona da yatsa. Bai sami komai ba sai saiwa, ita ma ya tsinka rabinta. Na ɗaure ledar da bakin ɗankwalina.

Daga Gujungu bishiyoyi suka fara ƙaranci, kututture ya yi yawa. Geron ma bai kai ƙuguna ba, alhali na Kausani, can wajenmu, ya fi ni tsawo. Wata mata da ke kusa da mu ta ƙwanƙwasa kwalin risho.

"Tuwon wannan abin warin kananzir yake yi. Ni maigidana ba zai ci ba."

Direba ya jiyo ta taga, ya ce, "Na saya wa tawa. Ruwan shayi kawai yake dafawa."

Ɗaya da rabi muka isa Gumel. Muka yi salla, muka sha fura, sannan muka hau amalanken shanu, mil bakwai cikin yashi. Inuwa ɗaya muka samu a hanya, wata babbar aduwa a bakin ƙauyen. A nan mai amalanke ya tsaya shanu suka huta, ni kuma na yayyafa wa dashena ruwa daga butar Goggo.

Kaka ta tarye mu da tsokana. "'Yar boko, me kika kawo min? Ganye? Ashe awakina kika yi wa tsaraba."

Rishon ta juya shi, ta shinshina, ta tambayi wanda zai kawo wani man in wannan ya ƙare. Goggo ta ce ana sayarwa a Gumel.

"Itace ba a sayar min da shi," in ji Kaka. "Ƙafata ce kuɗinsa."

Ta ɗora shi a kan jeren kwanukanta, ta lulluɓe shi da kyalle. Tuwon dare da kara da kashin shanu aka yi shi.

Alhamis: a ƙauye

Da hantsi na raka Kaka har gonar da take nomawa, can bayan gari. Ta ce in koma gida, ita za ta wuce neman itace, tafiyar da yanzu take cin rabin yini. Na so in tambaye ta inda zan dasa, amma kunya ta hana ni, kuma na so ta dawo ta gani da idonta. Na koma na ɗauko kwando da fartanya, na jera shidan a iyakar arewa, inda yashi ya fara taruwa.

Bayan azahar muka ji sallama mai ƙarfi. Baffa Ilu ne, ƙanin marigayi kakana. Na leƙo ta bayan zana, sai na ga dashena shida a ƙofar ɗakin Kaka. Na lura bai fizge su ba, haƙo su ya yi da ƙasarsu.

"Asabe," ya ce, "yayanki ne ya aiko a kafa min shaida a gona?"

A nan na fara jin abin da ban sani ba. Gonar ba ta Kaka ba ce. Tun da rairayi ya ci ta kakana, Baffa Ilu ya ba ta aron wani yanki na tasa. Mai aron gona kuwa yana shuka abin da zai girbe bana ne kawai. Ba ya dasa bishiya, domin wanda ya dasa bishiya ya ce ƙasar tasa ce.

Goggo ta rantse ba ta san komai ba. Bai ko dube ta ba.

"Yayanki akawu ne, ya san takarda. Nan da shekara ashirin a je gaban alƙali a ce ga bishiyar da 'yarmu ta dasa. In an girbe geron bana, gonata ta dawo hannuna."

Kaka tana zaune a kan ɗaurin itacen da ta kawo. Gonar nan kuwa ita kaɗai ce take ci da ita. Na fito na durƙusa.

"Baffa, ni ce. Ba wanda ya aike ni."

"Ɗaga murya. Wa ya ba ki su?"

"Makaranta."

"To, gwamnati ke nan. Ai gara ma ubanki."

Sai Kaka ta gyara zama. "Ilu, kai da bakinka ka ce wanda ya dasa shi ne mai ƙasa. Jikarka ta kawo maka tsaraba, ba ta san yadda ake miƙawa ba. Ɗauki ka dasa da hannunka, a kira liman ya gani."

"In dasa, gobe a zo a rubuta su a littafi?"

"Rairayin da ya ci gonar yayanka, littafi ya duba? Taku nawa ya rage ya iso taka?"

Ya daɗe yana kallon ledojin. Sannan ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, kamar mai duba ko akwai kunama.

Bayan la'asar ya dasa biyar a ramukan da na haƙa, a gaban liman da maƙwabta uku. Kowanne ya sa sai ya ce, "Ku shaida, ni Ilu na dasa." Na shidan, mai tsinkakkiyar saiwa, ya ce ba zai yi rai ba. Kaka ta karɓa ta dasa a tsakar gidanta, inda take wanke-wanke. Da zai tafi ya ce mata, ba tare da ya waiwayo ba, "Gona kuwa, ki yi nomanki."

Juma'a: komawa gida

Ƙarfe shida da rabi amalanke ya zo. Da muka biyo ta gefen gonar na miƙe tsaye. Biyar ɗin suna nan, kowanne an kewaye shi da ƙaya mai kauri, ko ɗan akuya ba zai iya zura baki ba, kuma gindinsu a jiƙe yake. Na taɓa Goggo na nuna mata.

Da muka iso bakin ƙauye na gane inda ƙayar ta fito. Aduwar da muka sha inuwarta an sassare rassanta kaf, sai gangar jikin tsaye, ga sawun jan ƙaya a kan yashi har gonar Baffa.

"Aduwa tana tohowa," in ji Goggo.

"In an yi ruwa," in ji mai amalanke. Bai tsayar da shanun ba.

Goma muka bar Gumel, biyu da rabi muna Kano. Motar Wudil ta yi ta jira a gada saboda shanun kasuwa, sai dab da magariba muka shiga gida. Baba ya tambaya ko Kaka ta ji daɗin rishon. Goggo ta ce ƙwarai, ko ƙura ba ta bari ta taɓa shi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Goggo da ta riƙa yin magana a madadina, da Kaka da ta gyara ɓarnar da na yi. In an koma makaranta malam zai tambayi kowacce nawa ta dasa. Ni zan ce ko ɗaya: biyar na Baffa Ilu ne, ɗaya na Kaka. Aduwar ce har yanzu ban san yadda zan faɗa masa ba.