Hannun da Na Sa Ban Gani Ba: Shekara Tara Bayan Shaibu Tela

Shekara tara ke nan da muka binne Shaibu Tela a Dogarawa. Yara Shef suke ce masa, manya su ce Tela, ni kuwa Yaya nake kiransa, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Aikin sikawut ne ya haɗa mu, wato ƙungiyar nan ta yara masu ƙyalle a wuya da ake koya wa zaman daji, taimakon gaggawa da jagorancin junansu. Shekara ashirin da biyar na yi ina mataimakinsa. Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa, domin samari da ƴan mata da yawa a Konni, Malbaza da Illela sun shigo wannan aikin sa kai, kuma kuskuren da na yi a gabansa shi nake gani ana maimaitawa.

Ina saurayi aka turo ni koyarwa a lakwal ɗin Dogarawa, wato makarantar boko. Wata Laraba da yamma na kai masa yadi, na tarar da yara sun cika ƙofar shagonsa, kowa da guntuwar igiya a hannu. Shi bai yi nisa a boko ba. Ya san sikawut ne a Konni, lokacin da yake koyon ɗinki. Da ya ji ni malamin lakwal ne, sai ya dakatar da keken ɗinkin ya ce, "Mushe, kana da alƙalami, ni ina da allura. Zo mu haɗa." Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu. Yana neman wanda zai riƙa cika takardu da Faransanci ne. Na amsa don kunya, ban san na shiga ke nan ba.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane yaro yana da kati, an jera abubuwan da zai koya: hura wuta, ɗaure rauni, gane hanya, ƙulle-ƙullen igiya da sauransu. In ya nuna ya iya, babba ya sa masa hannu. In katin ya cika, a ba shi lamba, Shaibu da kansa ya ɗinka masa ita a hannun riga. Dokarsa guda ce: ba a sa hannu sai an gani da ido, kuma sau biyu, da mako guda a tsakani. Yana cewa abin da yaro ya iya yau ya manta jibi, aro ya yi. Yaran kuma an raba su rukuni rukuni, kowane da jagoransa daga cikinsu. Su ke raba aiki, su ke dafa abincinsu, mu manya muna gefe. Wannan ya fi komai yi mini wuya, don malamin aji ya saba shi ke magana, shi ke gyara. Na sha ganin tuwo na ƙonewa in zabura, ya riƙo gefen rigata.

A cikin yaran akwai biyu da ba zan manta ba. Nasiru shi ne na ɗaya a ajina, ɗan wani Alhaji mai fataucin albasa. Agali kuwa ɗan makiyaya ne, Tamajak ake yi a gidansu, Faransancinsa da ƙyar, amma tun yana ƙarami yake jan ruwa a rijiya mai zurfi don shayar da dabbobi. Abu guda ya rage wa Nasiru ya cika katinsa, shi ne ƙullin ceto, wanda ake ɗaura wa mutum a ƙirji a zura shi rami ko a jawo shi, ba ya kwancewa kuma ba ya zargewa ya shaƙe shi.

Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji, baban Nasiru, ya tare ni. Ya ce yaron ya gaya masa saura abu guda, ga shi ƴan'uwa za su zo daga Tawa, yana so su gan shi da lambarsa. Bai matsa mini ba, fara'a kawai ya yi. Washegari na kira Nasiru, ya bayyana mini ƙullin da baki tiryan tiryan, har ya zana shi a allo. Na ce a raina wanda ya zana ai ya iya. Ban ba shi igiya ba, na sa hannu. Da na kai katin shago, Shaibu ya dube shi, ya dube ni, ya jefa shi a aljihun keke ya ce ɗinkin lamba sai mun dawo daga zango.

Zangon shekarar a kwarin Badaguishiri muka yi shi, lokacin hutun sanyi. Wani mai lambu ya ba mu wuri a gefen gonarsa, yara na taya shi ban ruwan albasa da tumatir. A rana ta biyu da hantsi, igiya ta kwance, gugan mai lambun ya faɗa rijiya. Yara suka taru suna leƙe. Shaibu ya tambaya wa ke da sa hannu a ƙullin ceto. Agali da Nasiru suka ɗaga hannu. Ya aiki yaran duka su ɗauko doguwar igiya a inda muka sauka, ya rage daga ni sai shi a bakin rijiyar.

Ya ce, "Mushe, tuɓe takalminka. Nasiru za shi ɗaure ka, kai ka shiga ka ɗauko."

Na leƙa. Rijiyar ta kai gaba huɗu, ruwan na can ƙasa baƙi ƙirin. A lokacin matata na da tsohon ciki. Na ce, "Yaya, Agali dai ya ɗaure."

"Don mi? Ba kai kas sa wa Nasiru hannu ba?"

Na ce, "Ban ga ya ƙulla ba."

Ya ce, "Na sani. To da ɗan wani ne za shi shiga fa?"

Ya je gindin mangwaro ya ɗauko ƙugiyar mai lambu da ke rataye a reshe, ya zura ta, ya fiddo gugan kafin yaran su iso. Ashe tun farko ya ga ƙugiyar, ba shi da niyyar zura kowa. Ba a gaban yara ya kunyata ni ba, amma bai ɗauke mini nauyin ba. Ya ce laifin nawa ne, don haka ni zan gaya wa Nasiru da bakina, kuma in fara da cewa ni na yi kuskure. Bayan azahar na ja yaron gefe na gaya masa, na soke sa hannuna a gabansa. Ya yi kuka, yana cewa me zai gaya wa babansa. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin nauyin alƙalami irin na ranar ba.

Da muka koma gida Alhaji ya zo shago a fusace. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne jin an ce Agali zai koya wa ɗansa. Ina wurin Shaibu ya tashi tsaye ya ba shi kujera, ya ce, "Alhaji, lamba zare ce da ƙyalle, ko yanzu in ɗinka mishi goma. Amma ranar da anka neme shi da abin da ke jikinta, ni da kai ba mu wurin." Alhaji ya kwashe ɗinkinsa ya kai wa wani tela, ya hana yaron zuwa. Wata biyu ba mu ga Nasiru ba. Sai wata Laraba ga shi ya zo da igiyarsa. Ashe yana bin Agali mashaya bayan an tashi daga lakwal. Ya ƙulla ido rufe, ya ƙulla a jikinsa da hannu guda. Na ɗauka Shaibu zai sassauta, amma ya ce masa ya dawo mako mai zuwa, kamar kowa. Ya dawo, aka ɗinka masa lambarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Shekarar da ta biyo aka zo zaɓen jagoran rukuninsu. Ni Nasiru na so, don shi ke iya magana a gaban baƙi. Shaibu ya ce ba mu za mu kwana a tanti guda da jagoran ba, a bar masu ɗaki su faɗi inda yake musu yoyo. Yara suka zaɓi Agali, Nasiru ya zama mataimakinsa, kuma shi Nasirun ne ya fara ɗaga wa Agali hannu.

Yau in na je taron sikawut nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Yara sun ƙaru, kayan sawa sun yi kyau, iyaye ba sa gudun abin kamar da. Wannan zai faranta masa rai. Amma na halarci bikin da aka jera yara aka liƙa wa kowa lamba rana guda, don kawai manyan baƙi sun zo daga buro, wato babban ofis, kowa ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Na ga zangon da manya suka kafa tantuna da kansu tun kafin yara su iso, wai kada a ji kunya. Na san da yana wurin zai nemi igiya ya miƙa wa yaro na farko a layi, taron ya watse. Ina kuma ganin jagororin da ake naɗawa don ɗan wane ne, ko don shi ya fi iya Faransanci, sannan babba ya tsaya a kansa yana yanke masa kowace shawara. Yaron da ba a bari ya yi kuskure ba bai jagoranci kowa ba, riƙon sanda kawai ya yi.

Akwai abin da bai riska ba. Yanzu halin da hanyoyi ke ciki ya sa ba kowane daji ake kai yara ba, iyaye kuma suna da gaskiya in sun hana. Na ji wasu shugabanni na cewa tunda ba zango mai nisa, sai a sa hannu haka nan. Ban yarda zai karɓi wannan uzurin ba. Mutumin da ya koyar da gane hanya a tsakanin rumbunan bayan gari, filin lakwal ma ya ishe shi. Abin da yake nema bai wuce babba ya zo kowane mako a kan lokaci, ya kalla da idonsa, ya riƙe bakinsa, ya kuma shiga tsakani nan take in rai ko lafiyar yaro na cikin haɗari.

Ba zan ce ba shi da aibu ba, don shi ma ba zai so a yi masa ƙarya ba. Harshensa na da kaifi. Akwai yaran da suka faɗi gwaji sau ɗaya, ya yi musu magana mai zafi, ba su sake dawowa ba, ya kuma ƙi bin sawunsu. Ya daɗe yana ƙin a buɗe rukunin ƴan mata, yana cewa ba aikinsu ba ne. A nan ya yi kuskure, kuma ɗiyarsa ta fari ce yanzu ke riƙe da na ƴan mata a Malbaza. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je duba shi a gidan likita, ya lissafa mini sunayen yara huɗu da suka bar mu saboda shi. Ya ce, "In ka ci gaba, ka riƙe gaskiyar, ka rage zafin." Kwana shida bayan nan ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na aje aiki yanzu, ina zaune a Konni. In an auna abin da ya bari da ido, ba shi da yawa. An sayar da keken, shagon ya koma na mai cajin salula, lambobin da ya ɗinka sun koɗe tare da rigunan. Nasiru ma'aikacin jinya ne a wani ƙauye na Illela, ya ce har yau ba ya sa hannu a takardar majinyacin da bai duba da kansa ba. Agali yana gyaran famfon rijiya a Tsarnawa, yana kuma riƙe da yara kusan ashirin.

Watan jiya na kai masa ziyara ranar Laraba, ranar taronsu. Wani ɗan ƙaramin yaro na gwajin hura wuta da ashana biyu, karo na uku ke nan, inji Agali. Ta farko ta mutu. Ta biyu ta kama ciyawar, hayaƙi ya tashi, sannan ta lafa. Yaron ya tsuguna yana kallon tokar, idonsa ya ciko. Ni da tsufa ya tausasa, na matsa na ce a hankali, "Agali, ai ya kusa."

Ya ce, "Ya kusa, Mushe." Ya durƙusa kusa da yaron, ya nuna masa ta inda iska ke shigowa, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya dawo Laraba.

Na ce, "In ya sake faɗuwa fa?"

Ya mayar da katin aljihu ya ce, "Laraba ba ta ƙarewa."