Jibrilla bai ce wayyo ba

Jibrilla Mai Kafaɗa ɗan kokawa ne na Tibiri, abokina tun muna kiwon awaki. Bai taɓa ɗaukar takobin da ake ba zakaran kokawa na ƙasa ba, amma bai taɓa cewa wayyo ba. Shekarar da aka karya masa haƙarƙari a Matankari, da ƙafarsa ya dawo gida, yana gaida mutane a hanya.

Bara ƙirji ya kama shi a gonar hatsi. Likitan Dogon Dutsi ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, sai Yamai. Ni na raka shi, don ni ne mara aikin yi.

Aikin ba a sa mutum barci. Ta wuyan hannu ake zura siririyar waya har zuciya, a buɗe jijiyar, a bar ɗan ƙarfe ya tokare ta. Likita ya ce masa: "In ka ji zafi a ƙirji, faɗa nan take. Da bakinka nake aiki."

Ana cikin aiki bangon jijiyar ya tsage, jini ya daina wucewa. Likita ya tambaye shi yaya yake ji.

"Da sauƙi," in ji Jibrilla.

Allah ya sa ma'aikaciyar jinyar da ke kansa, Sahura, 'yar Matankari ce, ta san halin 'yan kokawarmu. Ba ta saurari bakinsa ba, ta dubi yatsun ƙafarsa, sun dunƙule.

"Dokta, ƙarya yake. Baba, nan ba makaɗi, ba 'yan kallo. Wa kake yi wa?"

"Ɗiyata, mutuwa nika yi wa. Tana nan tsaye, ba za ta ji muryata ba."

"To ni faɗa mini a kunne."

Zufa na zuba masa. Can ya ce: "Awa an aza mini turmi bisa ƙirji."

Kafin ya rufe baki likita ya hura wata 'yar balan-balan a cikin jijiyar, ya ƙara ƙarfe na biyu, jini ya wuce.

Sahura ce ta ba ni labarin a baranda. Da na shiga na ce: "Ashe ka yi magana."

"Rahoto na ba ma'aikaciya. Je ka nemo mana mota, a gaba zan zauna."

Ya girbe hatsinsa bana, yana shan ƙwayoyinsa safe da yamma.