Ranar da Rijiya Ta Rufta da Yayana

A shekarar da rijiyar garkarmu ta ƙafe a Gafasa, akwai wani malami da bautar ƙasa ta kawo makarantar garinmu, yana zaune a shagon ƙofar gidanmu. Kirista ne, siriri, marar yawan magana. Inna kan aika masa da tuwo. Yayana kuwa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, bai so zamansa ba. Ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa.

Wata Asabar da hantsi Yaya ya shiga rijiyar zai yashe ta, ni ina sama ina jan guga cike da laka. Sai na ji dum, kamar an yar da buhun gero. Gefen rijiyar ne ya zube daga ciki. Na ƙwala masa kira.

"Ƙasa ta danne ni har ƙirji," in ji shi daga can ƙasa. "Kada ka matso baki!"

Ihuna ya tara mutane. Wani dattijo, tsohon mahaƙin rijiya, ya kori kowa baya, ya sa aka gitta itace a baki. Ya ce sai an zura mutum marar nauyi ya tono Yaya da hannu, kuma ƙasar da ta rage tana iya biyo baya. Na kama igiya zan ɗaura, Inna ta cafke rigata.

"Ba zan rasa ku biyu rana ɗaya ba."

Sai ga Malam yana cire takalmi.

"Baba, ɗaura mini," ya ce wa dattijon.

"Ɗana, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

Muka zura shi a hankali. Na ga leɓensa na motsi har duhun rijiyar ya haɗiye shi. Da kwanon sha ya riƙa tono yana cika guga, muna ja. Rairayi na ta tsiyaya daga bango. Can wani ɓangare ya sake ɓallewa, Inna ta faɗi zaune tana salati. Shiru. Igiyar ta goge mini fatar hannu, ban ma ji ba. Sai muryar Malam ta fito, a shaƙe: "Muna nan! Ku aiko guga!"

Da azahar ta yi, Malam ya kwance igiyar jikinsa ya ɗaura wa Yaya. Shi muka fara jawowa, ƙafarsa a karye. Malam ya tsaya a ƙasa ba igiya har muka mayar masa. Ya fito jini na bin kunnensa.

A asibitin Gaya, washegari, Yaya ya dubi Malam.

"Malam, ban kyauta maka ba tun zuwanka. Me ya shigar da kai?"

Malam ya ce tsoro ya ji sosai. Amma a addininsu an koya musu cewa ɗan Adam ya faɗa cikin zunubin da ba ya iya fitar da kansa, sai Yesu Almasihu ya ba da ransa a madadinsa, ba don ya cancanta ba. Wannan suke kira fansa, kuɓutar da aka samu kuma ita ce ceto.

"Wanda ya gaskata an yi masa haka," in ji shi, "kunya zai ji ya tsaya tambayar ko mutum ya kyauta masa."

Yaya ya gyara kwanciya. "Mu a wajenmu kowa da nauyinsa yake zuwa gaban Allah, rahamarsa muke roƙo. Allah ne ya cece ni jiya, kai ya sa ka zama sanadi."

"Ni ma ban ce ni ne ba," Malam ya ce, yana murmushi.

Ba wanda ya ja ɗan'uwansa zuwa nasa ra'ayin. Yaya ya warke da ɗingishi, kunnen Malam na hagu bai ƙara ji sosai ba. Da wa'adin bautar ƙasar Malam ya cika, Yaya ne ya ɗauke shi a babur har tashar Gaya. Da ya dawo, kai tsaye ya shige ɗaki, kewar Malam a fuskarsa.