Mirbaz da Kwamfutar Bakin Tafki

Mirbaz Ali ɗan mai tsaron magudanar ruwa ne a wani ƙauye da ke arewacin Gilgit. Ya koyi aikin kwamfuta a Karachi, ya dawo gida da zafin rai irin na mahaifinsa, sannan wani ofishi ya ɗauke shi kula da kwamfutar da aka ajiye a bakin tafkin ƙanƙara, can saman ƙauyensu. Aikinta guda ne: idan ruwa ya fara hauhawa, ta aika saƙo a kaɗa jiniya a ƙauyen.

Wata bazara aka sa mata sabon katin sadarwa, amma ta ƙi gane shi. Dole a sabunta kanel, wato zuciyar manhajar da take aiki da ita. Shugabansa, Sherzaman, ya ce a yi daga ofis ta tsohon katin, domin baƙi na tafe kuma yana buƙatar Mirbaz a ofis.

"Ranka ya daɗe, in ta mutu ta ƙi farkawa, wa zai danna mata maɓalli? Akuya?"

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa, ɗan mai gadin kwata. Yi abin da na ce."

Ya yi. Sabon kanel ya watsar da tsohon katin, bai kuma tashi da sabon ba. Kwamfutar ta yi tsit a watan da ƙanƙara ta fi narkewa, alhali gidan yayarsa Gulnar ne na farko a bakin kwarin.

Waɗanda ke ofishin sun tabbatar mini cewa bai ɗaga murya ba. Ya kife kofin shayinsa a kan teburin shugaban, ya ce, "Ka gaishe da baƙinka," ya fita. Ya hau dutsen da ƙafa, ya mayar da tsohon kanel, ya daidaita sabon a gaban na'urar, ya kuma ƙi saukowa sai da kaka ta shiga. An sallame shi saboda barin wurin aiki.

A cikin wannan zaman ne jiniyar ta kaɗa. Ruwan ya tafi da gadar ƙauyen da gonar Gulnar, bai sami kowa a gida ba.

Yanzu gyaran waya yake yi a kasuwa. In Sherzaman ya gifta, Mirbaz yakan juya kujerarsa ya fuskanci bango.