Takunkuman da Ban Ƙona Ba

Ku matso kusa, jikokina, ku ba ni aron kunnuwanku. Babu gizo a wannan labari, ni ce a ciki.

Shara nake yi a asibitin ƙauyenmu, can ƙasar Tsanyawa, kuma har na yi furfura ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Da korona ta zo, mota ta kawo mana kwalayen takunkumi da safar hannu. Malama Binta, nas ɗinmu, ta ce, "Inna, duk wanda aka sa sau ɗaya, ki kai rami ki ƙona."

Na ce, "Sau ɗaya, 'yar nan? Ko yagewa bai yi ba!"

Ta yi dariya. "Ba zani ba ne, Inna. Ƙonawa."

Mu kuwa mun tashi ko leda ba ma yarwa, wankewa muke mu shanya a danga. Hannuna ya ƙi. Sai na fara ƙunso takunkuman a haɓar zani, in wanke, in shanya bayan rumbu, in danne ƙarƙashin tabarma su miƙe. Ranar kasuwa in kai wa Tanimu ɗan kamasho ya sayar wa fasinjoji, don lokacin ba a shiga mota sai an rufe hanci.

Ana nan, Tanimu ya ce fasinjoji sun gane wankakku, sababbi yake so. Makullin sito yana hannuna saboda shara. Na riƙa zare sababbi, ina jera wankakku a gurbinsu.

Ranar da aka kawo wani tsoho mai tari, a kwalin da na jera wankakku Malama Binta ta sa hannu. Ina tsaye da tsintsiya ta zaro takunkumi ta ɗaura. Na gane ninkina.

Ta ce, "Inna, lafiya kike kallona?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ba a yi mako ba ta kwanta, numfashi yana sarƙewa. Ko ta nan cutar ta shige ta, Allah ne masani. Da aka binciki sito, ƙamshin sabuluna ya tashi daga kwalin. Ban yi gardama ba, alƙali ya tura ni gidan yari.

Tanimu ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Malama Binta ta tashi, amma ta bar aiki, yanzu ko masallacin Idi ba ta kaiwa sai ta zauna ta huta. Ni da na fito, na je na durƙusa gabanta.

Ta ce, "Na yafe, Inna. Amma me ya hana ki ce in cire?"

Na tuba ga Allah. Ku kuma, kada ku ɗauki abin da aka ba ku amana. In kun riga kun ɗauka, ku buɗe baki tun mutum yana tsaye da ƙafarsa.