Mun Bi Sawun Shararmu Har Gonar Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Gwarzo, mu huɗu a motar Alhaji, wata Asabar cikin tsakiyar bazarar nan. Duk wanda ya ji abin da ya fitar da mu sai ya yi dariya, don shara muka tafi kallo. Maigidana ma, ina yafa mayafi, cewa ya yi in gaishe masa da juji.

Ƙungiyar unguwarmu ce ta gaji da kwatocin da ke toshewa duk damina. Aka yanke shawarar a samo ɗan kwangila da zai riƙa bin ƙofar gidaje yana kwashe shara, abin da za a iya sake sarrafawa kamar roba da gwangwani ya kai inda ake sarrafa shi. Mutum biyu suka nema, aka ce kwamiti ya je ya ga wurin aikin kowanne da idonsa kafin a zaɓa. Kwamitin kuwa mu ne: Alhaji shugabanmu, wanda shi ne mai gidan burodin unguwa, da sakatare, wanda ya karɓi tuƙi, maƙwabciyata malamar firamare, 'yar Filato da ta fi ni sanin lungunan Gwarzo, sai ni da matan unguwa suka turo.

Ni dai da nawa a zuciya na shiga motar. Mahaifiyata, Inna, tana Mainika, kuma da sharar gari take takin 'yar gonar da babanmu ya bari, kamar yadda manoman can suka saba. Da can toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yanzu leda ta cika ta. Inna tsohuwa ce mai ciwon baya, amma haka take duƙawa ta tsince ledar nan ɗaya bayan ɗaya, don in an bar ta shuka ba ta kama ƙasa, kuma bara tunkiyarta ta ci ta mutu. Na yi na yi ta bari, ta ƙi. Na san wanda za mu ba kwangilar nan shi ne zai sa Inna ta miƙe, ko ta ci gaba da duƙawa.

Alhaji ya zo mana da burodi mai ɗumi, maƙwabciyata ta zo da shayi a filas, saboda haka ba mu yi nisa ba mota ta koma teburin mai shayi. Sakatare irin direbobin nan ne da suke ganin rami sai sun faɗa ciki sannan su ce “a yi haƙuri”. Rabin shayina a zanina ya ƙare. Gari na wayewa gonaki suka fito dama da hagu, an share su tas ana jiran ruwa, tulin taki jere a cikinsu. Jakuna da mangala da amalanken shanu sai kai da komo suke yi. Leda kuwa ta maƙale a kowace ƙaya, baƙa da fara, iska na kaɗa ta.

A Kabo muka tsaya sayen ƙosai. Ya yi tsada kamar ko'ina, amma mai suyar ba ta da ƙyashin yaji. Mangwaro ne ya yi araha har ya ba ni tausayi. Maƙwabciyata ta taya kwando guda da wasa, sai ga shi an sallama mata, dole muka matsa ƙafa aka sa shi a tsakaninmu.

Ɗan kwangila na farko a bayan garin Kabo yake, kuma gaskiya wurinsa ya burge. Ƙofar ƙarfe, manyan motoci biyu masu koren fenti, ma'aikata da riguna iri ɗaya, ga kujeru an jera mana a inuwa da lemo mai sanyi. Alhaji ya zagaya mota ɗaya yana shafa ta kamar mai duba ragon layya. Tsarin mutumin mai sauƙi ne: kowane gida ya zuba komai a mazubi ɗaya, su kwashe, su tsince roba da ƙarfe a nan, sauran su tura wa manoma a matsayin taki. Maƙwabciyata ta raɗa mini cewa motar nan ko da addu'a ba za ta shiga lungunmu ba. Ni kuma na tambaye shi ledar fa.

“Hajiya, ba zan ɓoye miki ba,” in ji shi, “leda ba ta da nauyi, ba ta biyan wahalar tsinta. Cikin takin take tafiya.”

Na ji daɗin gaskiyarsa, amma na ga Alhaji ko jin amsar bai yi ba. Hankalinsa na kan mota.

Na biyun a wajen Durun yake, kuma sai da muka ɓata hanya. Sakatare ya rantse ya san wurin, ya kai mu ƙofar wata makarantar allo, sai wani dattijo a kan keke ne ya shige gaba muka bi shi a hankali kamar masu rakiyar amarya. Wurin shingen langa-langa ne kawai, da a-kori-kura ɗaya da kekuna masu ɗaukar kaya. Kujera babu, a kan buhuna muka zauna. Amma abin da na gani ya sa na manta da zafin rana. Mata ne ke wanke leda a rabin duro suna shanyawa a igiya, wani inji yana matse busasshiyar ya mai da ita dami, a kai wani kamfani a Kano a narka ta a yi bokitai da butoci. Takin da ya tara a gefe baƙi ne wuluk, na sa hannu na juya ban ci karo da komai ba.

Sai dai shi da sharaɗinsa. Kowane gida sai ya raba shararsa uku tun daga ciki: leda a buhunta, roba da gwangwani a nasu, toka da sharar tsakar gida a kwando. Wanda ya haɗa, a bar masa kayarsa a ƙofa. Alhaji ya tsuke baki. Muna komawa mota ya ce mutanenmu ba za su iya wannan wahalar ba, kuma unguwa kamar tamu ba a-kori-kura ta dace da ita ba. Sakatare ya ce haka ne. Ya saba cewa haka ne. Muka zama biyu da biyu, kuma kowa ya san maganar Alhaji ta fi tamu nauyi a taro.

Tun kafin mu fito na shirya mu yi azahar a gidanmu na Mainika, don haka muka juyo. Hanyar ba ta da daɗi, kowa sai tsotsar mangwaro yake yi. Muka tarar Inna ba ta gida, tana gona. Na ce mu ƙarasa mu gaishe ta.

Daga nesa na hango ta a duƙe a kan tulin taki, hannu ɗaya a ƙugu. Raina ya sosu, don na ga ta ƙara rama. Ta taso da fara'arta, aka yi ta gaisuwa: hanya, gajiya, iyali, zafi, mutanen Gwarzo kaf sai da ta tambaya. A gindin wata bishiyar ɗorawa ta tara ledar da ta tsince, ta danne da dutse, tulin ya kusa kai mini gwiwa. Alhaji ya tambaye ta, cikin ladabi, duk daga takin nan ta fito?

“Duk daga cikinsa, Alhaji,” in ji Inna. Ta zaro wata fara mai jan rubutu ta ɗaga. “Wannan ta fi kowace yawa. Mai burodin nan ko wane ne, Allah ya ƙara masa kasuwa, amma ya cika mini gona.”

Ledar gidan burodin Alhaji ce. Inna ba ta karanta boko, kuma ba ta taɓa saninsa ba. Wallahi ban shirya wannan ba, abinci kawai na shirya. Sakatare ya kama tarin ƙarya, maƙwabciyata ta juya baya kafaɗunta na rawa, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Alhaji ya karɓi ledar ya daɗe yana kallonta. “Inna, ni ne mai burodin,” ya ce.

Inna ta rufe baki da gefen zani, amma ba ta janye maganarta ba. “To Alhaji, burodinka da daɗi. Ledarka ce ba ta ruɓewa.”

Dariyar da muke dannewa ta ƙwace mana gaba ɗaya, har da shi. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya ce Inna ta zauna a inuwa. Mu huɗu muka duƙa a kan tuli ɗaya. Ba mu gama shi ba bayanmu ya amsa, Alhaji ya miƙe yana nishi yana duban sauran tulin da suka jeru har ƙarshen gona. 

A gida aka kawo dambu da zogale, da fura mai sanyi daga randa. Alhaji ya ci har ya nemi ƙari, Inna kuma ta cika mana bayan mota da kuka da daddawa. Bayan la'asar muka kamo hanya, hadarin farko na bana yana haɗuwa a gabas, iska mai ƙanshin ƙasa tana shigowa ta taga. Kafin magariba muna Gwarzo.

A taron washegari ban ma buɗe baki ba. Alhaji ne ya tashi ya ba da labarin da kansa, bai rage komai ba, mutane suna ta ƙyaƙyatawa. Aka ba mutumin Durun bin gidaje, mai manyan motoci kuma aka ba shi kwashe tsohon jujin bakin kasuwa, bisa sharaɗin ba gona za a kai shi ba. Buhunan fulawar da suka ƙare a gidan burodi Alhaji ya raba wa gidaje don ware shara. Makon farko an sha rikici, an bar wa mutane da yawa shararsu a ƙofa, har da sakatare. Yanzu an fara sabawa.

Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da muke kira zubarwa ba ɓacewa yake yi ba. Daga hannunmu yake fita ya tafi ya sami wani, kuma sau da yawa wanin nan tsoho ne da ba ya iya cewa a'a. Wanda zai ba da aikin shara, kada ya tsaya a fentin mota, ya bi ta ya ga inda take sauke kayanta.

Shekaranjiya aka kai wa Inna kashin farko na takin unguwarmu. Jiya ta sa aka kira ni a waya, ta ce daga wane gari aka kawo wannan. Na ce daga ƙofar gidajenmu. Ta ce ta tona shi har ƙasa ba ta sami abin tsinta ba, da hantsi ta dawo gida, har ta yi barcin rana. Na yi dariya na ce Allah ya ƙara hutu. Da na ajiye wayar sai na ga ina share hawaye, don rabon da in ji Inna ta ce ta yi barcin rana tun babanmu yana da rai.